RIHLAR IBN BATUTA A BISA MA'AUNI: ABIN DA YA GANI DA ABIN DA AKA GAYA MASA

Gabatarwa

A wata gasar kacici-kacici ta makarantun sakandare da aka gayyace ni, an tambayi ɗalibai sunan matafiyin nan Balarabe da ya ziyarci ƙasar Hausa a ƙarni na 14. Wani yaro ya miƙe ya ce Ibn Batuta, alƙalan gasa suka ba shi maki, jama'a suka tafa. Yaron ba shi da laifi, abin da aka koya masa ya faɗa. Amma duk wanda ya karanta littafin Ibn Batuta daga farko zuwa ƙarshe ya san cewa shi da bakinsa bai taɓa cewa ya taka ƙasar Hausa ba. Ya ambaci Gobir sau biyu, kuma duka biyun labari aka ba shi.

Wannan ne ya sa na ga ya dace a yi wa malaman makaranta da dattawa masu sha'awar tarihi bayani game da littafin nan da shakkun da ke kansa. Shakkun ba sababbi ba ne, tun marubucin yana raye aka fara su, kuma wasunsu sun tabbata. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna inda zargi ya kama shi, da inda bincike ya wanke shi, sa'an nan a ga matsayin abin da ya faɗa game da Takadda da Gobir da Borno, waɗanda su ne suka fi shafarmu.

Ibn Batuta da Littafinsa

An haifi Abu Abdullahi Muhammad Ibn Batuta a garin Tanja na ƙasar Maroko a shekarar 1304, a gidan alƙalai mabiya mazhabar Malikiyya. Ya bar gida a 1325 da niyyar aikin Hajji, yana da shekara 21, bai sake ganin Maroko ba sai 1349. A tsakanin nan, bisa faɗarsa, ya zaga Masar da Sham da Hijaz da Iraƙi da Farisa da Yaman da gaɓar Afirka ta Gabas da ƙasar Turkawa, ya yi alƙalanci a Delhi a ƙarƙashin Sarki Muhammad ɗan Tughluƙ, ya sake yin alƙalanci a tsibiran Maldib, har ya dangana da ƙasar Sin. Bayan ya dawo ya leƙa Andalus, daga bisani ya ƙetare Sahara zuwa daular Mali a 1352, ya koma Fas a farkon 1354.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, ba Ibn Batuta ne ya rubuta littafin da hannunsa ba. Sarkin Maroko na lokacin, Abu Inan, shi ya umarci wani matashin marubuci mutumin Garnaɗa mai suna Ibn Juzai ya zauna da shi ya ɗauki labarinsa. An gama shiftar a ƙarshen 1355, Ibn Juzai ya kammala tsarawa a farkon 1356. Sunan littafin Tuhfatun Nuzzar, amma an fi saninsa da Rihla, wato tafiya. Ibn Juzai bai ɓoye cewa ya gyara lafazi ya ƙawata zance ba, kuma a wurare da dama ya sa baitocin waƙa da bayanai nasa na kansa.

Abu na biyu shi ne, tafiyar kusan shekara 30 ce aka zauna aka faɗa da ka. Ibn Batuta ya ba da labarin yadda 'yan fashin teku suka tare jirginsu a gaɓar Indiya suka yi masa ƙwaf, ba su bar masa komai ba sai wando. Ya kuma ce rubuce-rubucen da ya kwafo daga kaburburan malaman Buhara suna cikin abin da ya salwanta a hannun 'yan fashin. Ke nan mutum ne mai shekara 50 yana ƙoƙarin tuno sunayen ɗaruruwan garuruwa da sarakuna da alƙalai, da ranakun shiga da fita, a gaban marubucin da ke son littafin ya burge sarki. Duk wanda ya taɓa zama da dattijo yana ɗaukar tarihin baka ya san abin da ke faruwa a irin wannan zama. Tafiya biyu sukan haɗe su zama ɗaya, shekaru sukan goce, abin da aka ji kuma yakan rikiɗe ya zama abin da aka gani.

Shakkun Mutanen Zamaninsa

Ibn Haldun, wanda ya yi aiki a fadar Abu Inan a Fas a daidai wannan lokaci, ya kawo labarin a cikin Muƙaddima. Ya ce wani dattijo mutumin Tanja ya dawo daga gabas yana ba da labarin Sarkin Indiya, cewa idan zai yi tafiya yakan ƙidaya mutanen birninsa ya ba su guzurin wata shida, idan kuma ya dawo sai a ɗora majaujawar yaƙi ana cilla wa jama'a dinari da dirhami. Fadawa suka riƙa raɗa a tsakaninsu cewa ƙarya yake yi. Da Ibn Haldun ya kai maganar ga waziri Faris ɗan Wadrar, sai waziri ya gargaɗe shi da kada ya ƙaryata abu don kawai bai taɓa ganinsa ba. Ya buga masa misali da ɗan wani waziri da ya tashi a kurkuku tare da mahaifinsa, bai san wata dabba ba sai ɓera, saboda haka da aka ce masa naman da yake ci na tunkiya ne, sai ya tambaya ko tunkiya kamar ɓera take.

A Andalus ma an yi ta-ƙi-faɗi a kansa. Ibn Hajar ya ruwaito a littafinsa na tarihin mutanen ƙarni na takwas na Hijira cewa alƙali Al-Balafiƙi, wanda ya haɗu da Ibn Batuta a Garnaɗa, ya tuhume shi da ƙarya, amma malami Ibn Marzuƙ ya wanke shi. Abin lura a nan shi ne, abin da mutanen Fas suka fi ƙaryatawa, wato kyautar Sarkin Delhi, shi ne daga baya aka samu shaidarsa. Marubucin tarihin Indiya Ziya'uddin Barani, wanda ya zauna a fadar wannan sarki, ya siffanta shi da irin wannan kyauta ta fitar hankali da kuma irin zafin hukuncin da Ibn Batuta ya bayyana. Wuraren da matsala take na gaskiya ba su ne suka ɗaga wa fadawan Fas hankali ba. Sai da aka buga cikakken littafin a Faris cikin juzu'i huɗu tsakanin 1853 da 1858, masana suka sami damar jera kwanakinsa da hanyoyinsa suna gwadawa, sa'an nan ɓarakar ta fito.

Wuraren da Zargi ya Kama Shi

Na farko shi ne aro daga littattafan magabata. Ibn Jubairu, matafiyi mutumin Andalus, ya yi tasa tafiyar Hajjin tsakanin 1183 da 1185, ya rubuta littafi mai kyau. Idan aka ajiye littattafan biyu gefe da gefe za a ga cewa bayanin Dimashƙu da Makka da Madina da Bagadaza a Rihla, da yawansa daga Ibn Jubairu aka kwaso, wani wuri an ambaci sunansa, wani wuri an yi shiru. Haka kuma wani masani mai suna Amikam Elad ya nuna a 1987 cewa bayanin Falasɗinu an ɗebo shi ne daga littafin Al-Abdari, wanda ya yi tafiyarsa a wajen 1289. Wannan bai nuna cewa Ibn Batuta bai je Makka ko Dimashƙu ba. A al'adar marubutan wancan zamani, aron siffar gari daga wanda ya fi ka iya siffantawa ba abin kunya ba ne, kuma mai yiwuwa aikin Ibn Juzai ne. Illar ita ce, mai karatu zai ɗauka yana ganin Dimashƙu ta 1326, alhali ta shekara 140 kafin nan ake nuna masa.

Na biyu ya fi wannan nauyi, kuma malamanmu na addini sun san shi. Ibn Batuta ya ce ya shiga Dimashƙu ranar 9 ga Ramadan na shekarar 726 ta Hijira, kuma ya halarci wa'azin Shehu Ibn Taimiyya a masallaci ranar Juma'a, har ya jingina masa wata magana mai haɗari game da siffofin Allah. To amma marubutan tarihin Sham sun tabbatar da cewa an tsare Ibn Taimiyya a kurkukun ganuwar Dimashƙu tun watan Sha'aban na wannan shekara, bai kuma fito ba har ya rasu a 728. Mutumin da ke tsare a Sha'aban ba zai hau mumbari a Ramadan ba. Ko dai kwanan watan ne ya ruɗe, ko kuwa labarin abokan hamayyar Shehin ya ji ya mayar da shi ganin ido. Ko wanne ne, ba a kafa hujja da wannan ruwaya a kan aƙidar kowa.

Na uku ita ce tafiyar Bulgar, wani birnin Musulmi da ke can arewa a bakin kogin Volga, cikin ƙasar Rasha ta yau. Ya ce ya tashi daga sansanin Sarki Uzbak a gindin duwatsun Ƙauƙaz ya isa Bulgar cikin kwana 10, ya yi kwana 3, ya juyo. Tazarar ta haura kilomita 1,200, wato sai ya riƙa cin fiye da kilomita 120 kullum babu hutu. Bugu da ƙari, mutumin da ya saba faɗin sunan alƙali da limami da mai masaukinsa a kowane gari, a Bulgar bai ambaci kowa ba. Abin da ya kawo kawai shi ne gajartar dare a lokacin bazara, labarin da ke cikin littattafan Larabawa tun zamanin Ibn Fadlan a ƙarni na 10. Tun 1929 wani masani mai suna Janicsek ya yi rubutu a kan haka, kuma yawancin masana sun yarda cewa wannan tafiya ba a yi ta ba.

Na huɗu shi ne lissafin shekaru. Ya ce ya bar Makka bayan Hajjin 1332, ya kuma ce ya isa kogin Sindu a bakin Indiya a watan Satumba na 1333. Cikin wannan shekara guda ya sa Masar da Sham da zagayen ƙasar Turkawa da ƙetare Baƙin Teku da ziyarar Ƙusɗanɗiniyya da ratsa Asiya ta Tsakiya. Ba ta yiwuwa. Sai dai ko ya bar Makka shekara biyu kafin abin da ya faɗa, ko ya isa Indiya shekara biyu bayansa. Wannan irin kuskuren mantuwa ne, domin sarakunan Turkawan da ya lissafa an same su a tarihi a wuraren da ya ce.

Na biyar ita ce ƙasar Sin. Masana da yawa sun yarda mai yiwuwa ya isa tashar jiragen ruwa ta Zaitun a kudancin ƙasar. Amma da'awar da ya yi cewa ya kai babban birni Hanbaliƙ, inda Beijin take a yau, har ya ga jana'izar babban sarki da aka kashe a yaƙi, ba ta tsaya ba. Sarkin da ke kan gado a lokacin, Togon Temur, ya hau mulki a 1333, kuma yana nan da ransa har aka kore shi daga birnin a 1368. Mai karatu ya riƙe wannan labarin jana'iza, domin za mu sake komowa kansa idan mun zo maganar Gobir.

Tafiyar Mali

Ganin waɗannan, wasu sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari, tun da an kama shi sau ɗaya to a yi watsi da littafin duka. Wani masanin Jamus mai suna Ralf Elger ya tafi a kan cewa mafi yawan tafiye-tafiyen daga littattafai aka harhaɗa su. Wasu masana biyu na Faransa, Fauvelle da Hirsch, sun yi rubutu a 2003 suna sa alamar tambaya a kan sassan da suka shafi Afirka. Hujjojin masu shakkar tafiyar Mali ba na wasa ba ne. Al-Umari ya riga ya rubuta bayanin fadar Mali a wajen 1337, daga bakin waɗanda suka zauna can da waɗanda suka ga Mansa Musa a Alƙahira, kuma abubuwa da dama, kamar zuba ƙasa a ka a gaban sarki da dandamalin zaman sarki, suna cikin littattafan biyu. Sa'an nan Ibn Batuta ya yi wata takwas a babban birnin Mali amma bai siffanta wurin da birnin yake ba yadda za a gane shi. Har masu haƙa daga ƙasar Poland suka yi aiki a Niani cikin ƙasar Gini a 1965 da 1968 da 1973, ba su sami abin da ya gamsar da kowa cewa nan ne birnin na ƙarni na 14 ba.

Duk da haka, ni a nawa nazarin wannan sashe ya fi sauran tsayuwa da ƙafafunsa, saboda dalilai uku. Na ɗaya, ita ce tafiyarsa ta ƙarshe, tsakanin dawowarsa da fara shifta bai kai shekara biyu ba, kuma a Fas ake shiftar, inda fatake masu zuwa Walata da Mali suke shiga da fita kullum. Ƙaryar Bulgar babu mai kama ta a Fas, amma ta Walata ba za ta kwana ba. Na biyu, kwanakin sun jeru daidai. Ya bar Sijilmasa a Fabrairu 1352, ya isa mahaƙar gishiri ta Tagaza bayan kwana 25, ya isa Walata bayan wata biyu, ya shiga birnin Mali a Yuni, ya fita a Fabrairu 1353, ya bi ta Tambutu da Gawo, ya bar Takadda a Satumba 1353. Wannan tafiyar raƙumi ce da kowane madugu zai yarda da ita.

Na uku shi ne irin ƙananan abubuwan da ya kawo, waɗanda mai kwafe daga littafi ba ya damuwa da su. Ya ga masaƙi ya kafa masaƙarsa a cikin kogon wata ƙatuwar bishiya, wadda daga siffarta kuka ce. Ya ci wani tuwo na saiwa mai kama da gwaza ya kwanta ciwo wata biyu, ɗaya daga cikin abokan cin nasa ya mutu. Ya raina liyafar da Mansa Sulaiman ya aiko masa, gurasa uku da soyayyen nama da ƙwaryar nono, har ya yi dariya. Ya ga dorina ya zaci giwa ce. Ya kawo farashi: kayan raƙumi na gishiri misƙali 8 zuwa 10 a Walata, 20 zuwa 30 a birnin Mali. Ya kawo kalmar da ake kiran maroƙan fada da ita, jali, wadda Mandinkawa ke amfani da ita har gobe. Ya kuma ba da labarin rikicin Mansa Sulaiman da uwargidansa Ƙasa, wanda ya faru bayan Al-Umari ya gama nasa littafin.

Takadda: Shakkar da Haƙa ta Warware

Takadda ita ce wuri mafi kusa da ƙasar Hausa da Ibn Batuta ya taka. Ya ce gidajenta na jan dutse ne, mutanenta ba su da sana'a sai fatauci zuwa Masar, kuma a bayan gari ake haƙo tagulla, a narka ta a gidaje, a zuba ta sanduna-sanduna. Masu kauri ana sayar da 400 a misƙalin zinariya, sirara kuwa 600 ko 700. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen bayi da gero da man shanu da alkama.

An daɗe ana musun wannan. Masanin Sahara Henri Lhote ya yi rubutu a 1972 yana ganin babu wata tagulla a yankin, gishiri ne arzikin wurin, kamar yadda ake yinsa a Tegidda-n-Tesemt. Ba a jima ba sai Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer suka yi bincike a kufan Azelik, a yankin Ingal yamma da Agadas cikin Jamhuriyar Nijar, suka tarar da kufan babban gari da masallatai da maƙabartu da burbushin narkar da tagulla, da kuma ita kanta tagullar a jikin duwatsun yankin. A yau yawancin masana sun ɗauki Azelik a matsayin Takadda. Darasin da ke nan shi ne, shakka ma aba ce da ake gwadawa. Mai cewa ba a yi ba, shi ma sai ya kawo hujja.

Gobir da Borno: Ji ne ba Gani ba

A Takadda ne Ibn Batuta ya ce ana kai tagulla zuwa wani gari da aka rubuta da haruffan Larabci Kubar, a ƙasar waɗanda ba Musulmi ba, da Zagai, da kuma Barnu mai nisan kwana 40. Da yake Larabci ba shi da harafin "g", masana sun karanta Kubar a matsayin Gobir. Wannan yana cikin mafi daɗewar ambaton wata ƙasar Hausa da sunanta a rubuce. Ya kuma dace da tarihin baka na Gobirawa, wanda ya nuna sun zauna a yankin Azbin kafin su gangaro kudu. Game da Borno ya ce mutanenta Musulmi ne, sunan sarkinsu Idris, ba ya bayyana ga jama'a, sai ta bayan labule yake magana. A jerin sarakunan Sefawa kuwa akwai Mai Idris ɗan Ibrahim Nikale a tsakiyar ƙarni na 14. Ke nan fataken da suka ba shi labari sun san abin da suke faɗa.

Ambato na biyu na Gobir shi ne wanda ya kamata a yi taka-tsantsan da shi. Yana cikin babin ƙasar Sin, daidai wurin labarin jana'izar nan da muka ce ba ta tsaya ba. Bayan ya siffanta yadda aka binne sarkin Sin da bayinsa, sai ya ce amintattu sun gaya masa cewa a ƙasar baƙar fata ma, waɗanda ba Musulmi ba sukan binne sarkinsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa tare da wasu barorinsa da 'ya'yan manyan gari 30. Ya ƙara da cewa wani babba daga ƙabilar Masufa da ke zaune a Kubar ya gaya masa an so a haɗa da ɗansa, sai da ya fanshe shi da dukiya mai yawa.

A nan sai a duba abu uku. Labarin ji ne, kuma shi da kansa ya faɗi haka. Wanda ya ba shi labarin baƙo ne a Gobir, mai wani addini dabam, kuma labarin yana ɗaga darajarsa. Sa'an nan an kawo shi ne don ya ƙarfafa wani labari da aka riga aka gane ba ganau ne ya faɗe shi ba. Binne sarakuna da kayan alatu sananne ne a ƙasar Hausa kafin Musulunci ya kafu, kuma haƙar da aka yi a tuddan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina a 1907 da 1992 ta fito da kayan ƙarfe da na ado da aka binne manya da su. Amma wannan bai isa ya tabbatar da adadin nan na 30 ko karya ƙafafu da hannaye da ya ambata ba. Malamin da zai kawo wannan labari a aji, to ya kawo shi da isnadinsa.

Wani abin da ke nuna iyakar saninsa shi ne kogin Kwara. Ya ɗauka shi ne Nilu, ya ce daga Gawo yakan wuce Muli da Yufi, sa'an nan ya shiga ƙasar Nuba ya faɗa Masar. Wasu sun ce Yufi ita ce Nufe, wasu sun ce Ife. Amma a babin Afirka ta Gabas ya sake ambaton Yufi a matsayin inda ake kawo zinariya zuwa Sofala, tafiyar wata guda. Garin da ke kusa da Kwara ba zai zama tafiyar wata guda daga gaɓar Mozambik ba. Haka kuma bai ambaci Kano ko Katsina ko Zazzau ba ko sau ɗaya, alhali bisa littafin Tarihin Kano zamanin Sarki Yaji ne, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa aka ce Wangarawa sun zo daga Mali. Shirun Ibn Batuta bai rage wa Kano komai ba. Abin da ya nuna kawai shi ne, saninsa ya tsaya inda sanin fataken Takadda da ya zauna da su ya tsaya.

Kammalawa

Malamanmu na Hadisi sun daɗe da shimfiɗa hanyar da ta dace da irin wannan littafi. Ba su karɓar duk abin da mai ruwaya ya faɗa a dunƙule, sukan bi ruwaya ɗaya-ɗaya su tambaya: ya gani ne ko ya ji? Daga wa ya ji? Lokacin da ya faɗa ya yiwu? Akwai wani da ya ruwaito irinsa ta wata hanya? Idan aka bi Rihla da waɗannan tambayoyi za ta kasu kashi huɗu. Akwai abin da ya gani kuma aka samu shaida, kamar Delhi da Tagaza da Takadda. Akwai abin da ya gani amma aka siffanta da kalmomin wani, kamar Makka da Dimashƙu. Akwai abin da ya ji ya kuma ce ji ya yi, kamar Gobir da Borno. Akwai kuma abin da aka ce ya gani alhali bai gani ba, kamar Bulgar da jana'izar sarkin Sin da wa'azin Ibn Taimiyya.

Shawarata ga malamai ita ce a gyara yadda ake faɗa wa yara. A ce Ibn Batuta ya zo Mali da Tambutu da Gawo da Takadda a 1352 zuwa 1353, kuma a Takadda ya ji labarin Gobir da Borno ya rubuta. Wannan ya isa abin alfahari, domin ya nuna cewa tun shekara 670 da suka wuce sunan Gobir yana bakin fataken Sahara, kuma tagullar Azbin tana shiga kasuwanninta. Haka nan ya kamata a yi wa Hasan Al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, da ya siffanta Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir a littafin da aka buga a 1550, domin shi ma masana sun yi saɓani a kan ko ya zo da ƙafarsa. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da aka koya wa tambayar wane ne ganau wane ne jiyau a littafin Ibn Batuta, zai yi wannan tambaya ga tarihin garinsu da na gidansu, da duk wani labari da za a kawo masa nan gaba.

Allah Shi ne Mafi sani.